Ɗakin Ƙarfe na Yaya Meimuna

Ƙadangare ya hau rufin ɗakin ƙarfen da hantsi. Ya yi taku biyu, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, sai ya diro ƙasa ya shige ƙarƙashin randa. Safiatou tana shanya wanki ta gan shi, har ta yi 'yar dariya. Ranar kwanan ɗakin huɗu a tsakar gidansu, kuma ba kowa a cikinsa tukuna.

Uku aka kawo. Zauren jama'a na Zongo, wanda samari ke kira santar, ya yi wa unguwa kaɗan, taron aure da na suna da karatun mata duk a ɗaki ɗaya ake cunkusa su. Kwamiti ya ga ba sai an jira bulo da siminti ba, aka sayo irin ɗakunan nan da ake ƙerawa gaba ɗaya a ɗoro a mota a dasa. An dasa biyu. Na uku, wanda za a mai da ajin mata, ba a gama zuba masa gindi ba, sai motar ƙugiya ta ɗaga shi ta bisa katanga ta dire a gidan shugaban kwamiti, Alhaji Souleymane, mijin Safiatou, mai sai da kayan gyaran manyan motoci.

Tchakoura, makanikin da ke haɗa ɗakunan, ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa kafin ya tafi.

"Alhaji, wannan tukunya ce tukuna. Allunan da ke tare zafi suna tashar jirgi, ba su fito ba. Tagar ma a toshe take da farantin ƙarfe, sai mun dasa za mu kwance. Ko kaza kada a sa."

"Kazar wa zan sa?" in ji Souleymane. Suka yi dariya.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kwamiti ya zagaya da wani baƙo daga ofishin magajin gari yana duba ɗakuna biyun. Souleymane na gaba da farar babbar riga yana bayani da Faransanci. Sai ga yayarsa Meimuna ta ratso taron, zani ɗaya a ƙirji, ba ɗankwali, ba takalmi, ta riƙo kwano wayam. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, da kokon da take sayarwa a kasuwar Adawlato. Shekara biyu ke nan tsufa ya fara kwance mata kai.

"Sule! Ka fita ba ka sha koko ba," ta ce da ƙarfi. "Kuma na ga tabarmar da ka ɓoye. Ka sake jiƙa ta, ko? Ba komai, na shanya, ba zan gaya wa Baba ba."

Wani ya ƙyalƙyale, wani ya taya shi. Baƙon ya tambayi abin da ta ce, aka rasa mai fassarawa.

Safiatou tana tsinkar alayyafo ta ji an banko ƙofa. Souleymane ya shigo yana jan Meimuna da hannu ɗaya, gwiwoyinta na kurjar ƙasa. Ya sake ta a gindin ɗakin ƙarfen, ya kwaɗa mata mari, kanta ya bugi bango da ƙara kamar an jefi ganga.

"Alhaji! Yaya ce fa!"

"Na ce miki ba ita ba ce? Ina kike ta fita?"

"Wanka na shiga."

"To daga yau ki yi wankanki hankali kwance."

Ya zare sandar ƙarfen da ke tokare ƙofar, ya tura Meimuna ciki, ya jefa mata tabarma da bokiti. Ƙofar ta waje kawai ake rufe ta. Ya maida sandar, ya ɗana kwaɗo, ya wurgo wa Safiatou makulli a cinya.

"Abinci da ruwa. In kin miƙa ki rufe. Kwana nawa ne, gindi ya bushe a zo a ɗauke."

Daga ciki Meimuna ta ce, "Sule, an ɗauke wuta. Kada ka ji tsoro, ina nan."

Watan Maris ne. Kafin ƙarfe goma rana ta riga ta zauna a kan rufin, ba ta tashi sai la'asar sakaliya. A rana ta uku da Safiatou ta buɗe da azahar, zafin da ya fito ya maido ta baya kamar ta leƙa murhun mai burodi. Meimuna na tsakiyar ɗaki a tsugune, ta naɗe tabarma ta hau kai don ƙasan ma ba ya takuwa. Ta shanye kofi uku ba numfashi. Ta miƙo tafin hannunta, duk ya tashi bororo.

"'Yar nan, bangon yana cizo. Na buga, na buga, yana cizona."

Safiatou ta shafa mata man kaɗanya tana sunkuyar da kai. Ita ba mai magana ba ce. Shekararta shida a gidan nan, ta saba ta ajiye maganarta a ciki har ta huce. Amma da la'asar da ta kai wa mijinta shayi, ta durƙusa ba ta tashi ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri, a maida Yaya ɗakinta. Ni zan zauna da ita, ko banɗaki zan shiga sai na ɗaura zaninta da nawa."

"Ɗakinta mai ƙofar kara? Kin san irin ɗakin da na sa ta? Irinsa manyan ma'aikata ke zama a ciki a unguwar Avédji. Fari fes, ko sauro ba ya shiga. Mutane nawa a Zongo suka taɓa kwana a irinsa?"

"Nasu da taga da fanka."

"Au, kin zama Tchakoura ke nan?" Ya kurɓi shayi. "Ran da mota ta banke ta a kan titi, ke za a zaga ko ni? Taimakonta nake yi. Tashi ki ba ni wuri."

Washegari Hajiya Balkissa ta shigo karɓar turmi. Tsohuwa ce mai daraja a unguwa, ita ke wa mata wankan gawa. Tana tsaye bugun ya taso, dum, dum, dum. Ta tsaya ta saurara, ta dubi Safiatou.

"Meimuna ce?"

"Ita ce, Hajiya. Ki yi masa magana, yana jin nauyinki."

"Hmm. Ai kin ga abin da ta yi masa ran Juma'a. Babban mutum, a gaban baƙo." Ta ɗora turmin a ka. "Irin ciwon nan ba a yi masa sanyi. A garinmu turu ake sa su. Ke dai ki yawaita ba ta ruwa, Allah zai ba ki lada. Kuma muryarki ta tsaya cikin katangar nan, ke matar gida ce."

A rana ta shida Safiatou ta jira har ƙarar motarsa ta ɓace, ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ta fito da Meimuna gindin mangwaro, ta yi mata wanka da ruwan randa, ta tsefe mata kai. Tsohuwar ta lumshe ido, iska na taɓa ta, ta fara waƙar tallan koko a hankali. Ba su ji dawowarsa ba. Ya manta wayarsa ce.

Ya dube su a gindin mangwaron. Ya koma mota ya ɗauko bel ɗin inji, baƙin roba mai haƙora a ciki. Dukan farko ya sami Safiatou a wuya, na biyu a baya, ta faɗi kan bokiti ruwa ya kife. Ya taka gefen zaninta ya ci gaba. Ta dunƙule ta rufe fuska, ba ta yi ihu ba don kada maƙwabta su ji.

Meimuna ce ta rarrafo ta kama ƙafar wandonsa.

"Sule, bari dukan 'yar mutane! Wa ya koya maka? Ni ban taɓa dukanka ba."

Ya juyo kanta. Bel ɗin ya sauka a kafaɗarta, ya sauka a gadon bayanta, fatar tsufa ta tsage kamar tsohon zani. Ya ɗauke ta cak ya nufi ɗakin. A bakin ƙofa ta kama gefen ƙarfen da hannu biyu, ta ƙi saki. Ya ɓamɓare hannu ɗaya. Ɗayan yana nan ya turo ƙofar da kafaɗa.

Safiatou ta ji ƙarar, ƙaramar ƙara kamar an taka busasshen kara. Ihun ya biyo baya. Souleymane ya ɗan buɗe, hannun ya zame ciki, ya rufe ya ɗana kwaɗo. Ya zo ya tsaya a kan matarsa yana haki, ya fizge makullin daga bakin zaninta.

"Ke kika ja mata. Da kin bar ta inda na ajiye ta, wa zai taɓa ta? Daga yau safe da magariba, ni zan buɗe."

Ya shiga ya ɗauki wayarsa. Da zai fita ya tsaya ya goge takalminsa da tsumman da ke kan igiya.

Yatsu uku ne suka karye. Da magariba Safiatou ta ɗaure su da tsinken tsintsiya da tsumma, yana tsaye a kanta da makulli yana cewa ta yi sauri. Ta ce a kai ta asibiti. Ya ce a kai ta a ce me? Likita ya yi ta tambaya, gobe maganar gidansa tana bakin 'yan zemijan masu haya da babur? Mai ɗori zai zo. Mai ɗori bai zo ba.

A bayan ɗakin, can ƙasa, akwai wani ɗan rami da aka huda don wayar lantarki, bai fi faɗin bakin kwalba ba. Safiatou ta gano shi tana shara. Ta yanko guntun tiyo ta zura, tana tsiyaya ruwa daga buta kaɗan kaɗan. Ta kwanta ruf da ciki a ƙasa mai zafi tana kira.

"Yaya, matso. Ga ruwa. Sa bakinki nan."

Wani lokaci Meimuna takan gane ta sha. Wani lokaci ruwan kawai ke zuba a ƙasan ɗakin. Wata rana ta kawo bakinta ramin ta ce, da murya ras kamar ba ta taɓa ciwo ba, "Safiatou, na san inda nake. Na san wanda ya sa ni. Kada ki gaya wa kowa, za su cire shi daga shugabanci." Bayan ɗan lokaci kuma ta koma kiran sunayen matattu.

A rana ta goma sha ɗaya Tchakoura ya zo auna ƙasan ɗakin da ma'auninsa. Souleymane ba ya nan. Yana tsugune yana rubutu a tafin hannu sai bugun ya taso, ba ƙarfi yanzu, hannu ɗaya ne. Ya daskare.

"Madam, mene ne a ciki?"

Safiatou ta ja mayafi ta rufe tabon wuyanta. Ta matso kusa da shi.

"Mutum ce. Yayar Alhaji. Yau kwana sha ɗaya. Malam Tchakoura, kana da abin yankan ƙarfe a jakarka. Ko farantin tagar kawai ka kwance."

Ya dafa bangon, ya janye hannu da sauri. Ya dubi tagar, ƙusoshi takwas ne kacal. Ya dubi ƙofar gida.

"La ilaha illallahu. Na gaya masa fa. A gabanki na gaya masa."

"Ka gaya masa. Yanzu kwance."

"Madam, kayan kwamiti ne. In na taɓa ba da izinin shugaba ba, ni za a kama da laifi. Kuma ni baƙo ne a unguwar nan, aiki ya kawo ni. Harkar gidan Alhaji..." Ya naɗe ma'auninsa. "Zan matsa wa masu siminti. Kwana huɗu, in Allah ya so, mota ta zo. Ki ce ta daure."

Da alama ya yi wa Souleymane magana a hanya, don da yamma ya shigo fuska a murtuke ya zagaya ɗakin har ya ga tiyon. Ya fizge shi ya zabga wa Safiatou a fuska, leɓenta ya fashe.

"Ta nan muryarta ke fita har layin baya. Kin tara mini duniya. Ke da ita ban san wadda ta fi hauka ba."

Ya fere guntun katako ya buga shi cikin ramin da guduma.

Kwana biyu suka wuce. Da safe in ya buɗe, Meimuna ba ta tashi, sai Safiatou ta ɗaga kanta ta ɗura mata koko. Hannun ya kumbura har gwiwa, ya yi baƙi, yana wari. Souleymane yakan tsaya daga nesa ya ce, "Kin gani? Ta fara natsuwa. Da ma abin da take buƙata ke nan."

A rana ta goma sha huɗu bugun ya taso da hantsi, sau uku, ya tsaya. Safiatou ta bar girki ta manna kunne kusa da bango har zafin ya ƙona mata kunci. Ta kira Yaya, ta kira Meimuna, ta kira da muryar mai sayen koko ko za ta amsa. Ta ɗauko taɓarya ta yi ta dukan kwaɗon har tafinta ya fashe, kwaɗon manyan motoci ne, ko gezau. Ta kira wayarsa sau tara. A na goma ya ɗauka ya ce yana taron kwamiti.

Sai bayan la'asar ya dawo ya buɗe. Meimuna na kwance can ƙuryar ɗakin, ba a kan tabarma ba, bakinta daidai wurin da ya toshe da katako. Da suka zo ɗaga ta, fatar kafaɗarta ta zauna a ƙarfen.

Souleymane ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya waiwayi ƙofar gida. Sannan ya ce, "Kama ƙafafun mu kai ta ɗakinta kafin a shigo."

Hajiya Balkissa ce ta zo wanka, Safiatou na zuba mata ruwa. Da tsohuwar ta yaye zanin, hannunta ya tsaya. Ga sawun bel layi layi, kowane da haƙoransa. Ga kafaɗa a saluɓe. Ga yatsu uku kowane ya kalli gabansa. Ta daɗe tana kallo.

"Kin gani, Hajiya," in ji Safiatou. "Yanzu kin gani da idonki."

"Zuba ruwa."

"Hajiya, maza suna waje. Liman yana waje. Kalma ɗaya daga bakinki..."

"'Yata, shekara talatin ina wannan aiki. Mai wanka ba ta da baki. Abin da ta gani a jikin mamaci amana ce, da shi za a binne ta. Haka aka koya mana."

"Don a rufa asirin mamaci aka ce. Wannan asirin wa muke rufawa?"

Hajiya Balkissa ba ta ɗago ba. Ta kama karyayyun yatsun ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a hankali, ta jera su, ta ja likkafani ta rufe.

"Zuba ruwa, na ce. Rana na faɗuwa."

Jana'izar ta yi jama'a. Kwana uku ana shigowa gaisuwa, ana zama a inuwar ɗakin ƙarfen don nan ne inuwa ta fi faɗi da yamma. Safiatou na raba ruwa tana jin su. Allah ya saka wa Alhaji, ya riƙe 'yar'uwarsa har ƙarshe. Wani da tuni ya kai ta gidan mahaukata. Ai hutu ne gare ta. Cikin masu faɗin haka akwai na layin baya, waɗanda katanga ɗaya ta raba su da bugun.

Ran na huɗu Souleymane ya ajiye wa Safiatou omo da buroshi da ruwan kashe wari a bakin ƙofar ɗakin ƙarfen. Ta wanke. Ta goge sawun tafin hannu a bango, daga tsayin kafaɗa suka fara, suna sauka, suna sauka, na ƙarshe ba su fi taki ɗaya daga ƙasa ba. Washegari motar ƙugiya ta zo, yara na tafi, ɗakin ya tashi sama ya haye katanga.

An yi buɗewa ran Asabar. An jera kujerun roba ƙarƙashin rumfa, an ɗaura kyalle kore a ƙofar ɗaki na uku. Yanzu yana da alluna a ciki, da taga a buɗe, da fanka tana juyawa, da benci shida da allo. Tchakoura na gefe da sabuwar riga, idonsa a ƙasa. Hajiya Balkissa na layin gaba na mata da carbi.

Souleymane ya karɓi lasifika. Ya gode wa baƙi, ya gode wa kwamiti. Ya ce al'ummar da ba ta girmama matanta ba za ta ci gaba ba. Sai muryarsa ta yi rawa, ya ciro hankici.

"Kun san rashin da na yi. Yayata ce, kuma uwata ce. Ba ta yi karatu ba, amma da guminta na yi nawa. Don haka kwamiti ya amince, wannan aji daga yau sunansa Ajin Meimuna."

Aka yi kabbara. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Kuma ba wanda ya cancanci ya fara shiga sai wadda ta yi jinyarta dare da rana. Safiatou, taso."

Aka tura ta gaba, ana shafa bayanta inda bai gama warkewa ba. Wata yarinya ta miƙo mata almakashi a faranti. Ta ɗauka. Ta tsaya a gaban kyallen, masu waya sun ɗaga wayoyinsu. Ta ƙofar tana hango ƙasan ɗakin, sabuwar leda shuɗiya an shimfiɗa, matan da za su yi karatu sun yi layi a bayanta da littattafansu, kowace tana leƙe tana murmushi.

"Yanka mana, Safiatou," in ji Souleymane a lasifika, yana dariya. "Kunya gare ta, ku yi mata uzuri."

Safiatou ta dube shi. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai yau. Dariyar ta tsaya masa a baki. Ta maida almakashin kan faranti a hankali, ko ƙara bai yi ba. Ta gyara mayafinta, ta bi tsakanin kujeru, mutane na janye ƙafafu suna ba ta hanya, suna zaton wani abu ta manta. Ta fita ƙofar santar. Layin gidansu na hannun hagu. Ta yi dama, ta nufi babban titi.